Neman Yafiya a Kwatano

Tun da na dawo ba ni da sakat. A masallaci, a kasuwar Kunci, har a wurin suna, sai wani ya matso ya ce, "Malam Habu, wai da gaske har Kwatano ka je? Me ka sayo?" Ban sayo komai ba. Na kuma lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara nasa kafin ya kai wa na gaba, har jiya na ji wai an kulle ni a boda. Ba a kulle ni ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya faru, kada a riƙa yin ƙarya a kaina ni ma in sami kaso a cikin zunubin.

Kun san sana'ata, ƙyanƙyasar ƙwan zabi da inji mai aiki da hasken rana. Abin da wasu ba su sani ba shi ne, ba da wayona sana'ar ta tsaya ba. An taɓa yin wani taro a Bici, inda manyan ma'aikatan kamfanoni suka zo ranar Asabar suna ba masu ƙananan sana'o'i shawara kyauta. Ni aka haɗa ni da Hajiya Rabi, 'yar Kano, manaja a wani babban kamfanin abincin dabbobi. Taro ya watse kowa ya manta da nasa, ita ba ta manta da ni ba. Ita ta ce in riƙa samun mai saye kafin in zuba ƙwai. Ita ta ce in daina buɗe inji ina leƙawa kamar mai dafa shinkafa. Ko da aka mayar da ita ofishinsu na Kwatano a ƙasar Benin, ba ta fasa ba. In na aika tambaya ta waya, sai ta aiko amsa da muryarta.

Wata rana da hantsi amsarta ta zo tana raɗa. A bayanta ina jin wani namiji yana jawabi. Ta ce, "Malam Habu, ina cikin mitin. Kada ka karɓi odar da ta fi ƙarfin injinka. Sai an jima."

Shawarar ta yi kyau, amma ta bar ni da tunani. A garinmu, in ka ɗauki mutum ƙwadago yana yi maka noma, wani ya kira shi ya taya shi kama akuya, ko da ɗan lokaci ne, dole wancan ya zo ya gaya maka, don wunin naka ne. To ita Hajiya wuninta na wa ne? Na kamfani. Ke nan duk shawarar da na karɓa a lokacin aiki, daga gonar wani aka ɗebo mini ita. Da ita na ƙyanƙyashe zabi, da zabin na ciyar da iyali. Na tare Liman bayan la'asar na yi masa bayani. Yana neman takalminsa ya ce, "Ai abin mutum, mai shi ake roƙo ya yafe." Bai san abin da ya jawo ba.

Matata Zulai ta ce, "To ka buga wa mai gidan nata na wurin aiki waya mana."

Na ce neman yafiya ba a yin sa ta waya, ƙafa ake takawa. Kuma ko dai a halatta mini shawarar nan, ko in daina karɓa. In kuwa na daina, na san kaina, kafin damina sana'ar ta mutu.

Ta ce, "Malam, mutane suna cin kuɗin gwamnati su yi barci da minshari, kai raɗa ce ta hana ka cin tuwo."

Na aika wa Hajiya cewa zan zo gaisuwa. Ta aiko da dariya, ta ɗauka wasa nake. Na yanki takardar tafiya da katin rigakafi, na sayi goro mai kyau, na zaɓi zabi biyu mafi ƙiba na sa a kwando don mai gidan nata.

Daga Kano na shiga doguwar motar Legas. Kwandasta ya ce a sa kwandon a but, na ce za su mutu, muka yi ta ja har na rungume shi a cinya. Wanda ke kusa da ni wani Alhaji Tanko ne, mai fataucin atamfa da leshi, ya ce Kwatano kamar ɗakinsa take. Da na gaya masa abin da zai kai ni, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam Habu, a gida an san ka fito?" Na ce an sani. Ya ce to shi zai raka ni har can, don bai taɓa ganin irin wannan ba kuma ba ya son a ba shi labari.

Ruwa ban sha ba tun daga Zariya, don tsoron direba ba zai tsaya ba. Wata mata a kujerar gefe, ba ta jin Hausa, ta riƙa gutsura biskit tana tura wa zabin ta ƙofar kwando tana yi musu magana. Na damu ko biskit zai yi musu illa, na kuma damu in na hana ta za ta ji haushi, sai na riƙa murmushi ina juya kwandon a hankali. Da gari ya waye muna ƙasar Yarbawa, zabin suka ɓarke da kuka a tare. Kun san kukan zabo. Duk motar ta farka. Wani daga baya ya faɗi wata magana da Turanci, mutane suka yi ta dariya. Na tambayi Alhaji me ya ce, ya ce addu'a ya yi musu.

Legas ba zan ce na gan ta ba, don idona na kan kwando da aljihuna. Abin da na lura kawai, kowa gudu yake yi. Na tambaya ko gobara ake, Alhaji ya ce a'a, aiki za su. Na yi wa mutum uku sallama ba wanda ya amsa, na huɗun ya miƙo mini ruwan leda ya ce in biya.

A boda Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Abin da aka tambaye ka shi kaɗai za ka amsa." Na ce to. Jami'in da muka samu yana jin Hausa kaɗan. Ya ce me na ɗauko. Na buɗe jaka na fito da komai: kaya kala biyu, goro, carbi, aswaki, maganin ciwon kai, da allura da zare da Zulai ta saka ban sani ba, wanda na nemi afuwa a kansa. Ya ce in mayar. Ya ce me zai kai ni Benin. Na ce neman yafiya.

Ya ajiye biro. "Me ka yi?"

Na ce, "To, ba ni na yi da hannuna ba, amma ni na jawo."

Alhaji ya taka mini ƙafa har sai da na ji a kaina. Ya ce, "Ziyara ce, ranka ya daɗe. Ba shi da cikakkiyar lafiya." Ban musa ba, don a lokacin kaina na ciwo da gaske.

Zabin ne suka zama matsala. Jami'in ya ce mai rai ba ya tsallakawa sai da takardar likitan dabbobi. Da muka fito Alhaji ya nuna mini wani ɗan acaɓa da zai zagaya da kwandon ta bayan gari mu haɗu a can. Na ce ni da na fito wanke haƙƙi ɗaya ba zan ɗauki wani a hanya ba. Ƙarshenta wani mai tsire Bakatsine ya yanka su ya gasa mana a gefen titi. Na so in riƙe naman har Kwatano, Alhaji ya ce da wannan zafi kafin gobe sai ya kashe mai gidan Hajiya. Muka zauna muka cinye. Ina ci ina tunanin na riga na yi niyyar kyauta da su, ko yanzu abin wani nake ci. Alhaji ya ce in bar masa cinyar in zunubin ya fi yawa a cikinta.

A Kwatano muka sauka unguwar Zango, gidan wani mai masauki da Alhaji ya saba da shi. Nan kam kamar Fagge: kiran salla, masu shayi, Hausa ko'ina, sai dai Hausar tasu ta ɗan karkace. Ɗakin da aka ba ni akwai fanka a sama mai rawa kamar za ta tsinke, sai na ja tabarmata zuwa bakin ƙofa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, a hammata suke ɗauko shi ba leda. Da rana aka kawo wani farin abu mai sanyi a naɗe cikin ganye, kamar kamu da aka bari ya daskare, da miyar kifi. Ina juya miyar sai ga ƙaguwa sukutum da ƙafafunta tana kallona. Matar mai masaukin ta ce ai don ni baƙo ne aka sa mini babba. Na gode mata, na ci gefen da ƙaguwar ba ta taɓa ba.

Mata a can su ke tuƙa babur da kansu, da goyo a baya da kaya a gaba, ba mai juyowa ya kalla. Fetur kuma a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi, na ɗauka man gyaɗa ne har na yaba da arahar gyaɗarsu. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, kuma dole fasinja ya sa hular kwano. Na ɗora ta a kan hulata, na yi ta tunanin kan mutum nawa ta shiga kafin nawa.

Washegari na isa ofishin da azahar, Alhaji na biye da ni. Mai gadi, wani mutumin Maraɗi, ya ce ba kowa, sun tafi cin abinci, sai wajen ƙarfe uku. Na ce duk kamfanin? Ya ce har da Darakta, wasu ma barci suke yi. Kullum haka. Na ce a raina ashe akwai ƙasar da ake biyan mutum ya yi ƙailula. Muka zauna a benci. Da suka fara dawowa na ga maza da mata suna gaisawa suna haɗa kumatu, hagu da dama. Na ce wa Alhaji in Daraktan ya nufo ni da fuska ya shiga tsakani.

Hajiya ta fito daga mota ta gan ni, ta tsaya cak. "Malam Habu! Da gaske ka zo? Lafiya? Injin ne?"

Na ce lafiya ƙalau, mai gidanta nake son gani. Ta ce wane mai gida, mijinta yana Kano. Na ce na aiki. Ta shigar da mu wani ɗaki mai sanyi kamar randa tana cewa in sha ruwa tukuna in yi mata bayani. Muna tsaye sai ga wani dogon dattijo mai furfura cikin kwat ya shigo, kowa yana ba shi hanya. Ban jira an gaya mini ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa a gabansa da ƙullin goro a hannu. Dole ya tsaya, don na tare hanyar.

Ya tambayi Hajiya wani abu da Turanci. Ba mai jin Hausa a wurin sai ita, Alhaji kuwa Turancinsa na ciniki ne kawai. Don haka ita ce tafinta. Na ce, "Hajiya, ki gaya masa na zo neman yafiya. Kin daɗe kina ba ni shawara a kan sana'ata, wani lokaci a cikin lokacin aikinsa, har da cikin mitin. Ya yafe mini abin da na ci na lokacinsa."

Fuskarta ta canza. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam Habu, ka san abin da kake yi kuwa? Dokar kamfanin nan, duk mai wani aiki a waje sai ya sanar. Ban sanar ba, don ba biyana kake ba. A kan wannan suna iya sallamata."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ce, "To ki ce masa gaisuwa na zo."

Ta dube ni. "Yanzu kuma ƙarya kake so in yi maka?" Ta juya ta fassara. Na san ta faɗa daidai, don na ga girar Darakta ta ɗaga.

Ya kai mu ofishinsa, ya ce in hau kujera, na zauna a bakin-bakinta. Ya fara tambaya, tana fassarawa ba ta kallona.

"Ya ce kana biyana?"

"A'a." Na ga ta ɗan saki numfashi. Sai na tuna. "Amma na taɓa aika miki ƙwai. Da zabi biyu da Sallah."

"Wannan ma in faɗa?"

"To, ai kin karɓa, Hajiya."

Ta faɗa. Alhaji a bayana yana ta salati a hankali.

"Ya ce ko ina da kaso a sana'arka?"

"Babu."

"Ya ce abincin kamfaninmu kake ba zabinka?"

"A'a."

"Ya ce me ya sa?"

Na kalli silin, na kalli Alhaji, Alhaji ya kalli takalminsa. Hajiya ta ce, "Faɗi. Ka riga ka taso tun daga Kunci."

Na ce, "Ke kika ce kada in saya. Kin ce buhunku ya yi wa mai ƙaramar sana'a girma da tsada, in haɗa nawa da dusa da waken suya."

Ta rufe ido, ta buɗe, ta fassara da murya sarai kamar mai karanta labarai a rediyo. Darakta ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce mu tafi, mu dawo gobe da safe. Ita kuma ta tsaya.

A hanyar Zango Alhaji ya ce, "Na yi yawo a duniya, amma ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗin mota daga Kano ya zo ya kori matar mutane daga aiki ba, da goronsa." Ban iya cin komai ba. Na buga wa Zulai, ta saurara har na gama, ta ce, "In aka kore ta, sai ka kawo ta nan ka ba ta aikin juya ƙwai." Ta kashe wayar. Na aika wa Hajiya saƙon ban haƙuri, na ga alamar ta ji, ba ta amsa ba. Matar da ta tsayar da ni da ƙafafuna, ga yaranta a makaranta, ni na zo na tona ta a gaban mai gidanta.

Da safe muka koma. Hajiya na zaune, idonta ya nuna ba ta yi barci ba. Darakta ya yi magana mai tsawo, ta fassara a taƙaice. Ba a kore ta ba. Amma ya yi mata faɗa sosai, kuma maganar za ta shiga tarihin aikinta. Daga yau ba waya a cikin mitin, ba karɓar ƙwai ba karɓar zabi. Shawara kuwa ya yarda ta ci gaba, da saninsa, ranar Juma'a da yamma. Game da abincin, ya ce in abin da ta gani ke nan gaskiya, to a ofis ya kamata ta fara faɗa, ba a Kunci ba, don haka zai sa ta tsaya gaban manya ta maimaita musu.

Na ce, "Wannan hukunci ne ko ƙarin girma?"

Ta ce, "Ni ma ban sani ba tukuna."

Na yi hamdala. Na miƙa goron, ya ce doka ta hana shi karɓar kyauta, amma ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a aljihu don kada in ji kunya. Sai na ce, "To Hajiya, abin da ya kawo ni fa? Bai ce ya yafe ba."

Ta tambaye shi. Ya yi dariya, karo na farko, ya buɗe hannuwa yana bayani. Ta ce, "Ya ce shi a nasa ɓangaren ya yafe. Amma kamfanin ba nasa ba ne, shi ma ɗan ƙwadago ne kamar ni."

"To na wa ne?"

"Na masu hannun jari. Mutane ne da yawa, sun fi mutanen ƙaramar hukumarku. Wasu a nan, wasu a Legas, wasu a Turai. Kullum wasu na sayarwa wasu na saye, shi kansa bai san su ba."

Gona ba mai ita, amma kowa da kunyarsa a ciki. Na ce, "To ki roƙe shi ko zai taimaka mini da adireshinsu."

Hajiya ta miƙe ta ɗauki jakarta. Ta ce, "Wannan kam ba zan fassara ba. Tashi, Malam Habu."

Ita ta kai mu tasha da motarta. Da na fita, ta sauke gilashi ta ce, "Ranar Juma'a ka aiko tambayarka. Kuma daga yau, duk abin da ya dame ka, ni za ka fara gaya wa kafin ka yanki tikiti. Ka ji?" Na ce na ji. Ta ce, "Ka gaida Zulai. Ka ce mata ina yi mata jaje."

Dawowa ba abin da ya faru, sai dai jami'in boda ya gane ni ya ce in wuce kada in buɗe jaka. Hajiya tana nan a aikinta, ta tsaya gaban manyan, ta ce sun saurara ba su ce komai ba tukuna. Duk Juma'a bayan la'asar muryarta na zuwa, da ƙarfi, ba raɗa.

Saura abu ɗaya. Na san takarda tana yawo, tana iya kaiwa inda ƙafata ba za ta kai ba. In Allah ya sa wani mai karanta wannan yana da hannun jari, ko ya taɓa yi ya sayar, a wani kamfanin abincin dabbobi mai ofis a Kwatano, bene mai ƙofar gilashi da mai gadi mutumin Maraɗi, to don girman Allah ya yafe mini kasonsa. Ba sai ya zo ba. Ya faɗa a inda yake, ya isa.